Yadda ake gwada faɗin rami da gejin shiga da ƙin shiga

Daga watan Mayu zuwa Yuni, kafin damina ta kankama a Gadarif ta ƙasar Sudan, babu warshar da za ka leƙa ba ka tarar da kayan tarakta da na diski jibge a bakin ƙofa ba. Kowane mai gona so yake a sallame shi kafin laka ta rufe hanya. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 kuma kayan gyara suka yi wuya, abin da a da ake saya sabo ko a aika Hartum da Omdurman, yanzu a nan ake ƙera shi. Yawancin aikin kuwa na rami ne: gidan boris ya buɗe a cike shi da walda a sake ƙwaƙulewa, a sassaƙa sabuwar jilba, wato bushin, a huda fuli ya zauna a kan shaf. A nan kuma aka fi samun kaya na dawowa. Rami ya ɗara da abin da ido ba ya gani, boris ya riƙa walagigi a gidansa, kafin a gama shukar dawa da riɗi ya cinye wurin.

Da kalifa yawancinmu muke auna rami. Ba a raina kalifa, amma mai baniya, wato wadda ake karantawa da layuka, ba ta karanta ƙasa da milimita 0.02, ta lantarki 0.01, ga haƙoranta na ciki gajeru ne, bakin rami kawai suke taɓawa. Gidan boris kuwa duk rangwamen da aka ba ka bai wuce 0.025 ko 0.030 ba, abin da bai kai rabin kaurin gashin kai ba. Shi ya sa aka yi geji mai tsayayyen awo. Ba ya buɗewa, ba ya tsukewa, ba shi da allura balle lambar karantawa. Ba zai gaya maka ramin milimita nawa ne ba. Abin da zai gaya maka shi ne ramin yana cikin iyaka ko ya fita, kuma a wannan ya fi kalifa gaskiya nesa ba kusa ba.

Fara da sanin iyakar ramin

Kafin ka taɓa geji, ka san lambobi biyu: mafi ƙanƙantar faɗin da aka yarda da shi, da mafi girma. Su ne iyakar ƙasa da iyakar sama. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce rangwame.

A zane za ka ga an rubuta misali 25 H7. Wannan tsarin ISO 286 ne. Lamba 25 ita ce awon suna, a milimita. Babban harafi na rami ne, ƙaramin harafi na shaf. Harafin H na nufin iyakar ƙasa ta zauna daidai kan awon suna, rami ba zai gaza 25.000 ba. Lambar ƙarshe ita ke faɗin yawan rangwame: idan ta yi ƙasa rangwame ya tsuke, idan ta yi sama ya saki. Ramin 25 H7 daga 25.000 ne zuwa 25.021. Ramin 25 H8 ya kai 25.033, na H11 har 25.130, wanda shi kam kalifa ma ta wadatar.

Rangwamen H7 yana tafiya da girman rami. Sama da milimita 6 zuwa 10, 0.015 ne. Sama da 10 zuwa 18, 0.018. Zuwa 30, 0.021. Zuwa 50, 0.025. Zuwa 80, 0.030. Zuwa 120, 0.035. Waɗannan shida ka rubuta su a bango kusa da makaraɗa, wato injin sassaƙa ƙarfe, kullum sai ka neme su.

Ba kowane gidan boris ne H7 ba, kuma nan mutane da yawa ke faɗawa. Boris 6205 faɗinsa na waje 52 ne. Idan gidan a tsaye yake shaf ke juyawa, kamar a famfon ruwa ko injin lantarki, 52 H7 ya yi, wato 52.000 zuwa 52.030. Idan kuwa gidan ne ke juyawa da nauyi a kansa, kamar cibiyar taya ko fulin da ke yawo a kan tsayayyen shaf, dole ramin ya matse zoben waje. A nan ake neman irin su M7 ko N7. Ramin 52 N7 daga 51.961 ne zuwa 51.991, duk ƙasa da 52. Gejin 52 H7 ba shi da abin cewa a wannan rami.

Sau da yawa mai kaya zai tsaya a kanka yana cewa, "Usta, ɗan ƙara sake masa mana ya shige da hannu, yaran gona ba su da abin dannawa." Amsar ita ce, "Alhaji, wannan gidan shi ke juyawa. Idan boris ya shige da hannu yau, da ƙafarsa zai fito a tsakiyar gona. Bari mu danna maka shi a nan kafin ka tafi." Yawanci sukan yarda, musamman wanda ya taɓa biyan kuɗin mota don ɗauko cibiyar taya daga daji cikin ruwa.

Sassan geji da abin da aka rubuta a jikinsa

Gejin rami da aka fi sani sanda ce mai mariƙi a tsakiya da dunƙulen ƙarfe mulmulalle a kowane kai. Ɗaya bakin shiga ne, an rubuta GO a gefensa, an yi shi a kan iyakar ƙasa. Ɗayan bakin ƙin shiga ne, an rubuta NO GO ko NOT GO, an yi shi a kan iyakar sama. Ko rubutun ya goge za ka gane su: bakin shiga dogo ne, na ƙin shiga gajere, kuma galibi akwai jan zobe ko jan fenti a wajensa. A kan mariƙi akwai awon da ajin, misali 25 H7, wani lokaci da 0 a gefe ɗaya da +21 a ɗayan. Wannan 21 maikuron ne, kashi ɗaya cikin dubu na milimita sau 21.

Bambancin tsawon nan ba ado ba ne. Wani injiniyan Ingila mai suna William Taylor, na kamfanin Taylor, Taylor & Hobson da ke Leicester, shi ya shimfiɗa ƙa'idar a 1905, kuma har yau a kanta ake tafiya. Bakin shiga yana tsayawa ne a madadin abin da zai zauna a ramin, saboda haka ya kamata ya zama cikakken kewaye, dogo gwargwadon zurfin ramin, ya gwada faɗi da miƙewa da kewaye a lokaci guda. Rami na iya zama 25.010 a ko'ina ka auna shi, amma ya karkace daga baki zuwa gindi. Kalifa ba za ta gani ba, gajeren geji ma zai bi karkatar ya wuce, dogon ne kaɗai zai cije. Shi kuwa bakin ƙin shiga nema yake ko akwai wuri ɗaya tak da rami ya yi faɗi fiye da kima. Don haka so ake ya taɓa rami a wurare kaɗan, a gwada shi ta fuskoki daban-daban. A aikace masu ƙera geji sukan bar shi mulmulalle amma gajere a ƙananan awo, don sauƙi. Sai dai ka san raunin hakan: rami mai siffar ƙwai, wanda ya wuce iyaka ta fuska ɗaya amma yana ciki ta ɗayar, zai hana mulmulallen bakin ƙin shiga wucewa, ka ɗauka lafiya lau ne.

Ire-irensu

Mai kai biyu shi ne wanda na bayyana, kuma shi ya fi yawa a ƙanana da matsakaitan awo. Idan awo ya girma nauyi kan yi yawa, sai a raba su, kowane baki da mariƙinsa. Wannan shi ne mai kai ɗaya, ana sayar da shi biyu-biyu.

Akwai mai hawa biyu, inda bakin shiga da na ƙin shiga ke jere a kai ɗaya, na shiga a gaba, sai ɗan tsagi, sai na ƙin shiga a bayansa. Tura ɗaya ta ba ka amsa biyu. Yana da sauri idan jilba hamsin kake yi iri ɗaya, amma sai a rami gajere mai fita ta baya. A rami mai gindi, bakin gaba zai dunguri ƙasa kafin na baya ya iso.

Ta wajen yadda aka haɗa kai da mariƙi, tsarin Amurka ya kasa su uku. A ƙananan awo, zuwa wajen inci ɗaya, kan doguwar sanda ce da ake ɗaurewa da noti a mariƙi. Idan gaba ya cinye sai a kwance a juya baya, geji ya yi rai biyu. Akwai mai wutsiya tsukakkiya da ake cusawa cikin mariƙi ta kama kanta, har zuwa inci ɗaya da rabi. Daga nan zuwa inci takwas sai mai haƙora uku, wanda ake ɗaurewa da kusa ta tsakiya, shi ma ana juya shi.

A manyan ramuka, daga wajen milimita 100 zuwa sama, cikakken dunƙule ya yi nauyi, sai a yanke gefe biyu a bar shi falle mai lanƙwasa a kai da kai. Idan rami ya fi haka girma sai sanda kawai mai mulmulallen kai biyu. Irin waɗannan dole a gwada su ta fuska biyu ko uku, tunda ba sa cika kewaye. A matsayin bakin ƙin shiga ma sun fi mulmulalle, domin su ne ke kama ramin ƙwai.

Rami mai gindi yana buƙatar geji mai tsagin iska a tsawonsa. Idan babu, iskar da ke ciki za ta tokare shi, ka yi zaton rami ya yi kaɗan. Wasu kuma ana yi musu ɗan tsagi kewaye da baki don su daidaita kansu wajen shiga, kada su karkace su cije.

Sai fil-fil na awo, masu zuwa cikin akwati, kowanne ya ɗara na kusa da shi da 0.01 ko 0.02. Suna da amfani a ƙananan ramuka, kamar na fil ɗin daidaita murfi. Ka zaɓi biyu, ɗaya ya zama na shiga ɗaya na ƙin shiga. Amma ka duba ajinsu. A tsarin Amurka ana jera su XX, X, Y, Z, ZZ, daga mafi kyau zuwa na gama-gari. Yawancin akwatunan kasuwa ZZ ne, kuskurensu na iya kai 0.005, na X kuwa 0.001. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kuskuren geji kada ya wuce kashi ɗaya cikin goma na rangwamen aiki. Ramin 8 H7 rangwamensa 0.015 ne, ka ga fil ɗin ZZ ya cinye sulusinsa tun kafin ka fara. Kuma akwati ko dai na ƙari ne ko na ragi, wato kuskuren yana sama da awon da aka rubuta ko ƙasa da shi. Yana rubuce a murfi.

Zoben awo da geji mai baki buɗe kamar sifana na shaf ne, ba na rami ba. Na ambace su ne don kada mai shago ya haɗa maka su.

Gwajin kansa

Na farko, tsayar da injin cak. Ba a kusantar da geji ga aikin da ke juyawa. In ya kama, ko dai geji ya lalace ko wuyan hannunka.

Na biyu, cire kaifin bakin rami. Rima, wato abin gyara rami bayan huda, da wuƙar ƙwaƙule duk suna barin ɗan siririn ƙarfe a baki, wanda ya isa ya hana bakin shiga wucewa. Ɗan karkace bakin kaɗan da wuƙa ko abin kankara. Sa'an nan ka share cikin ramin sarai da tsumma mai tsabta, ka fitar da ɓarɓashi da ruwan sanyaya. A ranar da habub ya taso ka share sau biyu, domin ƙurar nan yashi ce, kuma ita ke cin geji fiye da aikin kansa.

Na uku, bar aikin ya huce. Zan dawo kan wannan, don shi ne babbar matsalarmu a ƙasar nan.

Na huɗu, duba gejin. Karanta awo da aji ka gwama da zane, kada ka dogara da wurin da aka ajiye shi. Mu da muke gyaran tsofaffin Massey Ferguson da injin Perkins muna cakuɗe da awon inci da na milimita. Inci ɗaya 25.4 ne, a ido kuwa gejin inci ɗaya da na milimita 25 kusan ɗaya suke. Goge shi, shafa yatsa a bakinsa ka ji ko akwai ƙwarzane ko inda ya bugu. Sai ka shafa masa mai marar kauri, ɗan kaɗan, yadda zai yi sheƙi kawai. Giris ba ya cikin wannan.

Na biyar, bakin shiga. Riƙe mariƙin da yatsu, ba da dunƙulen hannu ba. Daidaita shi sak da ramin, ka ɗora bakinsa, ka tura a hankali. Idan ramin a tsaye yake, nauyin gejin ko ɗan taɓi da yatsa ya isa. Ya kamata ya zarce har ƙarshen zurfin, ba rabi ba. Za ka ji yana tafiya sumul da ɗan riƙo na mai, idan rami mai gindi ne kuma wajen fitowa ka ji ya ɗan ja iska. Kada ka murɗa shi kana dannawa kamar mai ɗaura kusa, kada ka buga da tafin hannu, guduma kuwa ko a mafarki. Gejin ƙarfe ne mai tauri, da ƙarfi zai buɗa wa kansa hanya a alminiyam ko tagulla, ya ba ka amsar da kake so, shi kuma ya cinye. Idan ya cije a baki, janye, sake daidaitawa, ka sake gwadawa. Sau da yawa karkata ce.

Na shida, bakin ƙin shiga, da irin wannan ƙarfin dai, ba ƙari. Zai iya ɗan zama a karkatar baki, amma kada ya shige jikin ramin. Idan rami mai fita ne, gwada ta gaba ka gwada ta baya. Mutane kan manta bayan, alhali rami na iya tsukewa a gaba ya buɗe a baya.

Na bakwai, fitar da geji nan take. Ba a barinsa a rami a tafi shan shayi.

Karanta abin da ya faru

Idan bakin shiga ya zarce na ƙin shiga ya tsaya, rami ya yi. Idan duka biyun sun ƙi, rami ya yi kaɗan, kuma wannan labari ne mai daɗi tunda akwai sauran nama. Ka tuna a makaraɗa abin da wuƙa ta ci a gefe ɗaya ninki biyu ne a faɗi: ka ci 0.01, rami ya ƙaru da 0.02. Wasu injuna lambobin hannunsu na faɗi ne, wasu na gefe ɗaya, ka san naka. Kafin ka ƙara ci ma, sake bi da wuƙar a inda take ba tare da ka taɓa hannu ba. Doguwar wuƙar ƙwaƙule takan lanƙwashe ta guje wa ƙarfe, bi na biyu sai ta kwashe abin da ta bari, sau da yawa shi ke nan.

Idan duka biyun sun shige, rami ya wuce. Sai jilba ko walda, ko sabon ƙarfe. Huda cikin ramin da ɗan bugu don boris ya kama, wanda ake yi a bakin hanya, kai mota gida ne kawai, ba gyara ba.

Tsakanin waɗannan akwai amsoshin da suka fi koyarwa. Bakin shiga ya tafi rabi ya tsaya: ramin ya tsuke a ciki, ko wuƙa ta dushe a hanya, ko kan injin bai daidaita da gadonsa ba. Bakin ƙin shiga ya shiga milimita uku ko huɗu ya tsaya: bakin ramin ya buɗe, galibi rima ce ta shiga a karkace tana rawa kafin ta zauna. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne maikuromita ta ciki, ma'aunin da ya fi kalifa ganin ƙaramin awo, ta ce rami daidai ne ko ya ɗan ɗara, amma bakin shiga ya ƙi. Wannan rami ne mai kusurwa uku a ɓoye, wanda awon wuri biyu ba ya kamawa, tunda ko ta ina ka auna lamba ɗaya za ka samu. Rima mai rawa na jawo shi. Cok mai haƙora uku, wato abin da ke riƙe aiki a makaraɗa, shi ma na jawo shi a jilba marar kauri: ka matse ta, ka ƙwaƙule ta kewaye sumul, ka saki, ta koma yadda take, ramin ya lotse. Don haka siririyar jilba a gwada ta bayan an kwance ta. A sake gwada ta kuma bayan an danna ta a gidanta, domin dannawa na tsuke ramin ciki, wani lokaci sai an sake bi da rima.

Zafi

Duk gejin duniya an yi shi ne ya zama daidai a digiri 20 na ma'aunin Selsiyos. Wannan aka tsayar tun 1931. Mu kuwa a watan Afrilu da Mayu warsha mai rufin kwano takan wuce 40. To yaya ke nan?

Ƙarfe na buɗewa da kimanin maikuron 11.5 a kowace mita a kowane digiri. Idan aikin ƙarfe ne, gejin ma ƙarfe, kuma zafinsu ɗaya, tare suke buɗewa, amsar ba ta canjawa ko a digiri 45. Ƙarfen zubi ma kusa yake da haka. Matsalar tana wuri biyu.

Na ɗaya, aikin da ya sauko daga injin da zafinsa. Ramin milimita 50 da ya fi geji zafi da digiri 30 ya buɗe da kusan 0.017. Rangwamen 50 H7 duka 0.025 ne. Bakin shiga zai wuce lafiya, ka kwance aiki, ya huce, gobe da safe ya ƙi shiga. Mafi muni, idan ka bar geji mai sanyi a rami mai zafi, shi yana ɗaukar zafi yana kumbura, ramin yana hucewa yana tsukewa, su kama juna. In haka ta faru kada ka buga. Ɗumama jikin aikin daga waje a hankali, ka ja gejin a miƙe. Maganin tun farko shi ne ka yi cin share fage, ka bar aikin ya huce har tafin hannu ya daina jin bambanci tsakaninsa da jikin injin, sa'an nan ka yi cin ƙarshe. Ajiye gejin a kan ƙarfe kusa da aikin, a inuwa, ba a aljihu ba, ba a bakin taga ba.

Na biyu, aikin da ba ƙarfe ba. Alminiyam na buɗewa ninki biyu, wajen maikuron 23. Murfin alminiyam mai ramin 50, a warsha mai digiri 42, ko da zafinsa ɗaya da geji, ramin zai nuna ya fi gaskiyarsa da kusan 0.013, rabin rangwame ke nan. Tagulla tana tsakani, kusan 0.007. Irin wannan aiki na fi son a gama shi a gwada da sassafe bayan asuba. Idan ba hali, a nufi ramin ya zauna can kusa da iyakar sama, kada a tsaya da zarar bakin shiga ya fara wucewa da ƙyar.

A nan ne nake saɓa wa masu cewa gejin kabaid, wanda ya fi ƙarfe tauri, ya fi kowanne. Gaskiya ne ya fi jure ci nesa, amma buɗewarsa ba ta kai rabin ta ƙarfe ba. A ɗakin awo mai na'urar sanyaya ɗaki, irin na manyan masana'antun Jidda da Dammam, ba shi da na biyu. A ƙarƙashin kwanonmu kuwa, a ramin 50 na ƙarfe, shi da kansa zai kawo kuskuren wajen 0.007, ga shi da saurin ɓallewa in ya faɗi. Gejin ƙarfe mai tauri, ko wanda aka yi wa rufin kurom, shi ya dace da mu.

Ramin tiredi da rami mai tsukewa

Gejin tiredi, wato haƙoran cikin rami da kusa ke ɗauruwa a kansu, shi ma kai biyu gare shi. A jikinsa za ka ga misali M10×1.5 6H, ko a na inci 1/2-20 UNF 2B. Bakin shiga ya ɗauru da yatsu har ƙarshen tiredin ba tare da sifana ba. Bakin ƙin shiga mai 'yan zagaye kaɗan ne, kuma a tsarin ISO kada ya wuce zagaye biyu. A tsarin Amurka ana yarda da uku. Hanyar ƙirgawa mafi sauƙi ita ce ka ɗaura har ya tsaya, sa'an nan ka ƙirga zagayen wajen kwancewa. Abin da wannan geji ba ya gani shi ne faɗin hudar farko. Idan ka huda M10 da diril 9 maimakon 8.5, haƙoran za su fito gajeru marasa ƙarfi, amma gejin tiredi zai ce lafiya. Wannan sai mulmulallen geji ko fil, tsakanin 8.376 da 8.676.

Rami mai tsukewa, irin na Morse da ke bakin injin huda da jelar makaraɗa, wanda ke tsukewa da kusan milimita ɗaya a kowace 20, gejinsa kai ɗaya ne. Abu biyu ake dubawa. Zurfin shiga: a babban kansa akwai layi biyu ko ɗan hawa, bakin rami ya tsaya tsakaninsu. Sai kusurwa: ja siraran layi uku na shuɗin gwaji a tsawon gejin, saka shi, juya shi kamar rubu'in zagaye da ɗan danni, ka fitar. In shuɗin ya gogu daga sama har ƙasa, kusurwa ta yi. In a babban kai kawai ya gogu, ramin bai tsuke sosai ba ta ciki, wato ƙaramin kai na lilo. In a ƙaramin kai ne, bakin ramin ya yi faɗi. Shuɗin ya zama siriri ƙwarai, mai kauri zai shafe ko'ina ya rufe laifi.

Kula da shi, saye, da ƙera naka

Bakin shiga ne ke cinyewa, tunda shi ke shiga kowane rami, kuma daga gaba yake farawa. Masu ƙerawa sun san haka, shi ya sa sabon gejin 25 H7 ake yin bakin shigarsa wajen 25.003, a bar masa abin ci. Idan ya sauka ƙasa da 24.997 ya gama aiki. Cinyayyen geji yana wuce ramin da ya yi kaɗan, ka ga lafiya a warsha, a wajen haɗawa abu ya ƙi shiga. Lokaci-lokaci ka auna shi da maikuromita mai karanta 0.001, a gaba da tsakiya da baya, ta fuska biyu a kowane wuri, bayan ka tabbatar da maikuromitar a kan tubalin awo ko sandar da ta zo da ita. Wanda ke yi wa kamfani aiki za a nemi takardar gwajin gejinsa daga ɗakin awo da aka amince da shi, kuma da gaskiyarsu. Bakin ƙin shiga kuwa in ka ga ya yi sheƙin gogewa, wani na tura shi da ƙarfi, ka binciki yaranka.

Bayan aiki a goge, a shafa mai, a mayar da shi kwalinsa ko a naɗe a tsumma mai mai, kowanne daban. Gumin hannu da danshin damina na sa tsatsa cikin kwana kaɗan, kuma gejin da aka goge da sanfefa ya tashi daga geji. In ya faɗi ƙasa, a auna shi kafin a sake amfani da shi.

Ba sai ka sayi saiti ba. Duba borisan da suka fi zuwa maka: 6204 gidansa 47, 6205 52, 6206 62, 6207 72, 6208 80. Ka fara da biyu ko uku daga ciki, da 20 da 25 da 30 H7 na fuli da jilba. Na hannu da ake samu a kasuwar gwanjo sai an auna kafin a biya, araha ba ta ado. Kada kuma ka mai da boris ɗin kansa geji. Zoben waje na 6205 an yarda ya gaza 52 da har 0.013, ga shi gajere, ga shi a gidan da ake son matsi bai ma kamata ya shiga da hannu ba, to me zai gaya maka?

Idan awon da kake so babu shi a kasuwa, kamar 52 N7, ƙera na wucin gadi. Samu guntun tsohon shaf mai kyau, ka sassaƙa shi hawa-hawa a ɗauri ɗaya. Hawan farko ya gaza iyakar ƙasa da 0.10, na biyu da 0.05, kowanne tsawon milimita biyar ya isa. Na uku shi ne bakin shiga, dogo, a kan iyakar ƙasa ko sama da ita da maikuron biyu zuwa uku. Bakin ƙin shiga ka yi shi a ɗaya kan, gajere. Bar kowane hawa da ɗan ƙari, ya huce, ka sauko da shi da lallausar sanfefa da mai kana aunawa da maikuromita, ka karkace bakunan, ka buga awon a jikin mariƙi. Hawa biyun farko su ne daɗinsa: idan na farko ya shiga ka san saura 0.10, idan na biyu ya shiga saura 0.05, wato 0.025 a gefe ɗaya, sai ka rage hannu. Tunda ba a gasa shi ya yi tauri ba, zai cinye da wuri, musamman a ƙarfen zubi. Ka sake auna shi duk ranar da za ka ɗauko shi, kuma kada ka yi amfani da shi a aikin da aka nemi takarda.